Kiwon Rafi: Darasi Domin Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1. INDA RUWANMU YA KE ZUWA

Ya kai mai karatu, in a ƙasar Ƙanƙara ka ke zaune, ko Faskari, ko Sabuwa, to, ka sani a bisa tudu gidanka ya ke. Tudun shimfiɗaɗɗe ne, har matafiyi ya kan ratsa shi bai san ya hau ba. Amma ruwan sama ya san shi sarai. Babu wani babban kogi da ya ke tasowa daga nesa ya kawo mana ruwa. Abin da girgije ya zubo mana shi ne rabonmu, wanda ba mu riƙe ba kuwa sai ya gangara wajen waɗansu mutane.

Ka dubi rufin soro. Duk ruwan da ya zuba a kansa taruwa ya ke yi, ya fita ta indararo. To, haka ƙasa ta ke. Kowane gulbi indararo ne na wata ƙasa, ƙoramu da rafuka su ne su ke tara masa ruwa.

Gulbin Sakkwato kusa da Funtuwa ya faro, a nan kudancin Jihar Katsina. Daga mafarinsa zuwa birnin Sakkwato, in an miƙe sak kamar tashin tsuntsu, mil 170 ne ko kusa da haka, watau kilomita 275. Ya ratsa ƙasar Faskari ya nufi Gusau, inda aka datse shi domin mutanen gari su sha. Ya wuce zuwa Bakalori, kusa da Talatar Mafara, inda aka gama gina babbar madatsa a 1978. Kusa da Sakkwato ya gamu da Gulbin Rima, sa'an nan suka juya kudu tare, suka wuce Argungu da Birnin Kebbi, suka faɗa Kwara.

Ruwan ƙasar Ƙanƙara kuwa, mafi yawansa arewa maso yamma ya ke bi, ya shiga gulaben da su ke cika Rima, irin su Gagare, wanda Ƙaura Namoda ta ke bakinsa. Rima shi ne aka datse a Goronyo a 1984. A kudancin Sabuwa kuma akwai ruwan da ya ke ba arewa baya, ya gangara wajen ƙasar Birnin Gwari ya shiga Kogin Mariga. Daga nan sai Kogin Kaduna, daga nan sai Kwara. Ka ga ke nan ɗigo biyu su kan rabu a tudu guda, kamar yadda su ke rabuwa a ƙololuwar jinka, ba su sake gamuwa ba sai bayan tafiyar ɗaruruwan mil.

Ruwan saman da a ke samu wajen Funtuwa ya kan kai inci 40 a shekara, ko ya ɗara. A Sakkwato kuwa galibin shekaru ba ya kai inci 30. Ashe mai shinkafa a fadamar Argungu, da mai albasa a Goronyo, da mai ɗiban famfo a Gusau, duk akwai ruwanmu cikin abin da su ke sha. Mu ne a kan gulbi. In kan ya lalace, su za su wahala, amma mu ne za mu riga su wahala, gama su suna da rafuka da yawa masu kawo musu ruwa, mu kuwa namu ɗaya ne, wanda ya ke bayan gari.

2. YADDA RAFI YA KE MUTUWA

Bari mu yi lissafi kaɗan. In ruwa inci ɗaya ya zuba a gona mai eka ɗaya, ya fi cikin duro 500, irin duron nan mai cin lita 200. In ka ninka sau 40, za ka ga kowace eka tana samun fiye da duro 20,000 a damina guda. To, ina wannan ruwa ya ke tafiya, har a watan Afrilu mata su ke yini a layin rijiya?

Ga amsa. Ƙarƙashin ƙasarmu dutse ne. Abin da ya ke riƙe mana ruwa shi ne ƙasar da ta rufe dutsen, da tsagogin dutsen kansa, da yashin da ya ke kwance cikin rafi. In akwai itatuwa da ciyawa da busasshen ganye, su kan tare ruwan sama, ya tsaya, ya nitse sannu sannu. Wanda ya nitse shi ne ya ke tsattsafowa cikin rijiya da rafi da rani. In kuwa ƙasa tsirara ta ke, ɗigon ruwa ya kan daɓe ta, kamar yadda mata su ke daɓe ɗaki. Sai ruwan ya rasa ƙofar shiga, ya kwashi ƙasar sama, wadda ita ce mai taki, ya yi gaba da ita.

Kada ka yarda da maganata sai ka gwada, gama gani ya kori ji. Ka sami kwano biyu masu faɗi. Ka cika ɗaya da ƙasa zalla, ɗayan kuwa ka sa masa ƙasa da ciyawarta, saiwa da duka. Ka jingina su a karkace, ka yayyafa wa kowanne ruwa buta guda. Na farkon zai zubo nan da nan, jajawur da laka. Na biyun zai daɗe kafin ya zubo, abin da ya zubo kuwa kaɗan ne, kuma garau.

Saboda haka ambaliya da ƙafewa uwarsu ɗaya. Rafin da ya tumbatsa cikin sa'a guda a watan Agusta, shi ne zai bushe tun kafin a gama girbin dawa. Lakar da ya kwasa kuma ba ɓacewa ta ke yi ba. Tana zuwa ta kwanta cikin madatsu, ta cinye wurin ruwa. Madatsar Mairuwa, wadda mutanen Funtuwa su ke shan ruwanta, kowace shekara sai ta karɓi ƙasar gonakin da su ke samanta, haka kuma kowace madatsa a duniya. A watan Satumba na 2010 ruwa ya ci garuruwa da gonaki masu yawa a ƙasan Goronyo, a 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har hukuma ta tsorata. A watan Yuli na wannan shekara ta 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe fiye da mutum 40 a Jibiya.

Abubuwan da su ke kashe rafi sanannu ne. Akwai saran itatuwan gaɓa domin gawayi da makamashi. Akwai noma har bakin ruwa. Akwai ƙunar daji, wadda ta ke bar wa ruwan fari ƙasa tsirara. Akwai kwasar yashi da manyan motoci ba ƙa'ida, alhali yashin nan shi ne randar rafi. Akwai zuba shara da leda. Akwai kisan kifi da magimfa ko maganin feshi, wanda ba ya barin uwa balle 'ya'ya, ko da ya ke dokar kamun kifi ta 1992 ta hana guba da nakiya. Akwai kuma wankin duwatsun ma'adini a ruwan da a ke sha. Ka tuna maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. A 2010 aka gane gubar dalma ce ta ke kashe musu yara, daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje, a ke kuma wankewa a kududdufai. Yara fiye da 400 suka rasu.

3. ABIN DA KAKANNI SUKA SANI

Kiwon ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da can, in rani ya yi, rafi ya yanke ya bar gurabu masu zurfi, ba kowa ya ke faɗa musu yadda ya ga dama ba. Sarkin Ruwa shi ya ke da izni. Ya kan hana taɓa gurbi har kifi ya girma, sa'an nan a sa rana, a yi shela, gari duka ya fito a yi su. Kowa ya sami rabonsa, yara su yi kallo su koyi sunayen kifi, manya su ga yadda ruwan bana ya ke.

Inda wannan al'ada ta fi ɗaukaka shi ne Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan an daɗe ana gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Aka yi su babba domin girmama baƙo, daga nan bikin ya samo asali. A Matan Fada a ke yinsa. Masunta dubbai su kan jeru a bakin gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa, in an ba da alama su auka ruwa gaba ɗaya. A 2005 kifin da ya ci gasa nauyinsa kilo 75 ne. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

To, me ya sa a ke samun giwan ruwa mai wannan girma a Matan Fada? Domin an hana su a wurin sauran kwanakin shekara. Haƙurin watanni shi ya ke haifar da murnar yini guda. Amma ka lura da wani abu. A 2006 aka hana shiga ruwa a bikin, sabili da ruwan ya yi ƙaranci. Dalilan ƙarancin suna da yawa, har da madatsun da su ke sama da kuma yanayin damina. Duk da haka ka ga Sarkin Ruwan Argungu, komi ƙarfin dokarsa, ba shi da iko da abin da a ke yi a mafarin gulbi. Wannan yana hannunmu.

4. RANGADIN RAFI

Hakimi ya kan fita rangadi domin ya ga ƙasarsa da idonsa. Makiyayi ya kan ƙidaya shanunsa kowace yamma. Rafi kaɗai ne dukiyar da kowa ya ke ci, ba mai zuwa duba ta. Shawarar wannan darasi ita ce, kowane gari ya sa wa rafinsa ranar rangadi sau biyu a shekara. Na farko bayan kaka, a watan Nuwamba ko Disamba, domin a ga ɓarnar da damina ta yi. Na biyu da bazara, a watan Afrilu, domin a ga abin da ya rage na ruwa, a kuma shirya aiki kafin ruwa ya sauka.

Wa zai tafi? Dagaci ko mai unguwa shi ne a gaba. Sai Sarkin Noma, da Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci, da Arɗo, da masu lambu. A gayyaci malamin gona da malamin daji. Malamin makaranta ya zo da manyan ɗalibansa. Lalle ne a tafi da tsofaffi biyu ko uku waɗanda suka san rafin tun suna yara. Kafin a tashi, kowane magidanci ya tambayi iyalinsa, gama masu ɗiban ruwa sun fi kowa sanin ranar da ya fara wari, da ranar da guga ta fara taɓo laka.

Ba za mu ɓoye gaskiya ba. Ƙasarmu ta sha wuyar ɓarayin daji. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su ranar 17 ga watan. Ƙauyuka da yawa na Faskari da Sabuwa sun ga hari, mutane sun bar gonakinsu. Saboda haka kada kowa ya fita sai da iznin dagaci da sanin masu tsaro. In hanya ba ta da aminci, a tsaya a ɓangaren da ya ke kusa da gari, daga mashaya zuwa gada, ko da mil ɗaya ne. A fita da hantsi, a komo kafin azahar. In ko wannan bai yiwu ba, a bar yara a gida, ko a ɗaga ranar. Rai ya fi rafi.

A fara daga ƙasa, a bi gaɓa a haura sama, a tafi a hankali. Ga abin da za a duba:

Na ɗaya, ruwa. Yana gudu, ko ya yanke? In ya yanke, kamu nawa a ke tonawa cikin yashi kafin a tarad da shi? A ɗebo kwalba guda a ajiye ta kwana, a ga yawan lakar da za ta kwanta.

Na biyu, gaɓa. Ina ta zabtare? Gonar wa ta kai har bakin ruwa?

Na uku, zaizaya. Kwazazzabo nawa ne su ke faɗowa cikin rafin, wanne ne kuma sabo?

Na huɗu, itatuwa. A ƙidaya ɓaure da kanya da giyayya da malmo da maɗaci da tsamiya. A ƙidaya kututture kuma. A duba ko akwai ƙanana masu tasowa, gama garin da ba yara ya kusa zama kufai.

Na biyar, masu rai. Akwai tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu? An ga zalɓe, ko kirinjijiya, ko tsari, ko kififiya? Inda su ke, ruwa yana da sauran lafiya.

Na shida, ƙazanta. Ina a ke zuba shara, ina a ke wanke tankin feshi, ina a ke bayan gida?

Na bakwai, mashaya da burtali. A buɗe su ke, ko an nome su?

In an gaji, a zauna a inuwa, a sha fura. Nan ne tsofaffi za su faɗi sunan kowane gurbi, da kifin da a ke kamawa a cikinsa a da, da itacen da aka sare, da amfanin wanda ya rage. Yara su saurara. Yaron da ya san sunan itace da maganin da ya ke yi, da wuya ya ɗora masa gatari banza. Amma kada a bar yara su yi iyo a ruwan da ya ke kwance. Cikinsa ne ƙananan katantanwa su ke, masu ɗauke da tsutsar tsargiya, watau fitsarin jini. Ta fata tsutsar ta ke shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai magani, kada kuma ya yi fitsari cikin ruwa.

5. AIKIN GAYYA

Rangadin da ba aiki a bayansa yawo ne. In an komo, a zauna a ƙofar dagaci a zaɓi aiki biyu ko uku waɗanda za a iya gamawa bana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka gayya za a kira.

A bar wa rafi gefensa. A yi yarjejeniya kowa ya janye garmarsa taki goma daga gaɓa, ko fiye inda gangare ya yi tsanani. Mai gona zai ce an rage masa kunya biyar. A nuna masa inda gaɓa ta zabtare, ya ƙidaya kunya nawa ruwa ya ci masa ba da shawararsa ba. Wurin da aka bari ba asara ba ne. A dasa jema da gamba. Saiwar jema tana nitsewa ƙwarai, ta ɗaure ƙasa kamar igiya, gamba kuwa ga zana ga abincin dabbobi. A bayansu a dasa mangwaro da gwaiba da ɗorawa. A yi dashe a watan Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna, a kewaye kowane da ƙaya, a kuma san wanda zai ba shi ruwa da rani.

A raya kututture. Wannan ya fi dashe sauƙi, mutanen Maraɗi kuwa su ne malamanmu a kansa. Bayan farin 1973 da na 1984 gonakinsu sun zama fili fetal. Daga 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman ƙasar, suka lura cewa 'yan tsirran da a ke sassabewa kowace shekara itatuwa ne waɗanda saiwarsu ba ta mutu ba. Sai manomi ya zaɓi reshe mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran, ya kiyaye waɗanda ya bari. Suka sa masa suna sassabin zamani. Bayan shekara ashirin da 'yan kai masana suka auna, suka tarar an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ruwan samansu bai kai namu ba. In ya yiwu a can, me zai hana a nan?

A toshe zaizaya tun tana ƙarama, gama ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A fara daga kanta, inda ruwa bai yi ƙarfi ba. A jera duwatsu a gicciye, tsawonsu kada ya wuce gwiwa, tsakiyar ta fi gefe gajarta domin ruwa ya bi ta nan. A shigar da gefen cikin gaɓa sosai, a kuma shimfiɗa duwatsu a ƙasansa inda ruwa zai faɗo. Ƙanana goma a jere sun fi babba guda, wanda ruwan dare ɗaya zai tafi da shi. In laka ta taru a bayansu, a dasa jema. Kwazazzabon da ya fi tsawon mutum kuwa ya fi ƙarfin gayya, sai a kai maganarsa ga hukuma.

A gyara kunya. In gonarka a gangare ta ke, ka ja kunya a gicciyen gangaren. Kunyar da ta bi gangare hanya ce ka share wa ruwa ya sace maka taki.

A tsabtace mashaya. A kwashe leda da kwalabe, a ware wurin ɗiban ruwan sha a sama, wurin wanki da na dabbobi a ƙasa. A yanka wa masu yashi wuri nesa da gada da rijiyoyi. Mai feshi ya wanke tankinsa a gona, nesa da rafi.

Kada wani ya ce maka ƙauyawa ba su iya riƙe doka a kan ruwa. Tambayi dattijai labarin kurkunu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Ba allura ce ta kashe shi ba, gama ba shi da allura. An haƙa rijiyoyi, an zuba magani a tafkuna, amma ginshiƙin aikin shi ne kowane gida ya tace ruwansa da ƙyalle, kowane gari ya hana mai kurkunu sa ƙafa a tafki. Mutum na ƙarshe da ya kamu a ƙasar nan a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da shi. Da yayyafi kogi kan cika.

6. DAJI DA MASHAYA

Daji uwar rafi ne. Dajin Kogo, wanda ya ke yammacin ƙasarmu, yana cikin dazuzzuka goma da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a mai da su gandun dajin ƙasa. Amma takarda ba ta tsare itace. Mai tsare shi shi ne maƙwabcinsa, wanda ya san in dajin ya ƙare rijiyarsa za ta bi shi.

Ka kuma lura, faɗan manomi da makiyayi sau da yawa a bakin ruwa ya ke farawa. Mai lambu ya shinge mashaya, saniya mai ƙishirwa ta keta shinge, sanda ta tashi, abin da ya fara da kabeji ya ƙare da jini. Shi ya sa aka ce a tafi rangadi da Arɗo. A tsaya a kan mashaya ido da ido, a auna faɗinta da na burtalin da ya ke kai wa gare ta, a kafa duwatsu ko a dasa aduwa a iyaka, kowa ya shaida. Ruwa ba shi ne dalilin dukan fitinar da ta same mu ba, kiwon rafi kuma shi kaɗai ba zai kashe ta ba. Amma ƙofa guda ce da za mu iya rufewa da hannunmu. Ka tuna bikin Argungu kansa a kan sulhu aka kafa shi.

7. LITTAFIN RAFI

Yanzu mun zo kan aikinka, kai da ka koyi karatu da rubutu. Tsoho zai ce, “A da rafin nan ba ya ƙafewa.” Saurayi ya ce, “Baba, haka muka tarad da shi.” Wa zai raba gardama? Rubutu.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka rubuta sunan rafinku a bayansa. Kowane rangadi ka buɗe sabon shafi. Ka sa rana da wata da shekara, da sunayen waɗanda suka je. Ka bi abubuwan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da aka gani da lamba: itace kaza, kututture kaza, kamu kaza. Ka sa alama a ginshiƙin gada inda ruwa ya kai bana. Ka kafa turke a kan kowace zaizaya, ka auna taki nawa ne tsakaninsu, baɗi ka sake aunawa. Ka rubuta ranar da rafi ya fara gudu, da ranar da ya yanke. A ƙarshen shafi ka sa abin da aka yi alkawari, da wanda ya ɗauka, a karanta wa jama'a su ji.

Shekarar fari littafin ba zai gaya maka komi ba. In ya kai shekara biyar zai fara magana. Zai nuna ko aikin gayya yana ci, ko kuwa a sake dabara. In kuma za ku kai kuka ga ƙaramar hukuma, ko Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aka kafa tun 1973, littafin shi ne shaidarku. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin wani shiri mai suna ACReSAL, na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ma'aikatan irin wannan shiri in sun zo gari, wanda ya ce, “Zaizaya ta dame mu,” da wanda ya buɗe littafi ya ce, “Ta ci taki goma sha biyu cikin shekara uku, ga ranakun,” ba ɗaya su ke ba.

In ka tsufa, ka miƙa littafin ga wani yaro mai hankali, kamar yadda a ke miƙa gona.

TAMBAYOYI

1. Ina Gulbin Sakkwato ya faro, waɗanne garuruwa kuma ya wuce kafin ya faɗa Kwara?
2. Me ya sa aka ce ambaliya da ƙafewa uwarsu ɗaya?
3. Don me a ke samun manyan kifaye a Matan Fada?
4. Faɗi abubuwa bakwai da a ke dubawa ranar rangadi.
5. Yaya a ke sassabin zamani?
6. Mene ne sunan rafin garinku, wane gulbi kuma ya ke faɗawa? In ba ka sani ba, tambayi dattijo, ka rubuta amsarsa a shafin farko na littafinka.